Koton Ƙarya da Kifin Bazara: Wata Dabarar Fatsa ta Amurka da Matsayinta a Tafkin Calawa

A yammacin Jihar Kano, cikin ƙasar Karaye, akwai wani gari da ake kira Daura. Ba Daurar Kusugu ba ce ta Jihar Katsina, suna ne kawai ya zo ɗaya. Mutanen wannan yanki da maƙwabtansu na ƙasar Rogo manoma ne tun asali, su kuwa aiki ne na ɗan lokaci da akan yi a guraben kogi da kududdufai idan ruwa ya janye. Al'amarin ya sake kama a shekarar 1992, sa'ad da aka kammala madatsar ruwa ta Calawa a kusa da Karaye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Ruwan da aka tare ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 100 ko kusa da haka, ya shanye gonaki da fadamu da itatuwa, ya bar wa mutane tafkin da ba ya ƙafewa. Tun daga nan su ya zama sana'ar shekara cur ga mutane da dama, 'yan ƙasa da baƙi.

Wannan maƙala za ta duba wata dabarar fatsa da ta shahara a Amurka, watau kamun kifin da suke kira bas a lokacin zafi, da wani koto na ƙarfe mai juyawa wanda suke kira sifinabet. Dalilin kawo ta shi ne tafkin Calawa ya yi kama, ta fuskoki masu muhimmanci, da irin ruwan da aka ƙera koton dominsa. Amma shi kifin bas babu shi a nan, lokacin zafinsu bai faɗo daidai da namu ba, kuma Hausa ba ta riga ta raɗa wa abin suna ba.

Kifin bas

Sunan ba shi da dangantaka da motar bas. Kifi ne na ruwan daɗi, asalinsa Amurka ta Arewa, mai launin kore-kore da duhun layi a gefe, da baki mai faɗin gaske. Mafarauci ne: yakan laɓe a gindin itace ko cikin ciyawar ruwa, idan ƙaramin kifi ko kwaɗo ya gitta sai ya zaburo ya zuƙe shi gaba ɗaya. Ba ya girma sosai. Mafi girma da aka yarda da awonsa shi ne wanda George Perry ya kama a Jihar Jojiya a 1932, mai nauyin kilo 10 da 'yan kai, kuma sai a 2009 wani mutumin Japan, Manabu Kurita, ya kama irinsa a Tafkin Biwa. Bahaushen da ya taɓa ganin giwan ruwan Argungu, inda a 2020 wanda ya ci gasa ya fito da mai kilo 78, zai yi murmushi in ya ji wannan. To, ba girma ne ya jawo wa bas daraja ba. Saurin fushinsa ne, domin yakan kai wa abu cafka ko da ba ya jin yunwa.

A kan wannan hali nasa aka gina wasa da kasuwa. A 1968 wani mai suna Ray Scott ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas a Jihar Alabama, aka soma babbar gasarta ta shekara-shekara a 1971, sa'an nan daga 1972 aka fara kiran 'yan gasa da su riƙa mayar da kifin ruwa da ransa bayan an auna shi.

Yadda aka ƙera koton

Tunanin yaudarar kifi da ƙarfe mai walƙiya ya daɗe. Ana ba da labarin cewa wani Ba'amurke, Julio Buel, ya ga kifi ya cafke cokalin da ya suɓuce masa cikin tafki, daga nan ya soma ƙera koto mai siffar cokali. Ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1852. A Faransa kuma wani injiniya, André Meulnart, ya ƙera koto mai falle ɗaya da ke zagaya sandar waya a 1938, shi ne wanda ake sayarwa da sunan Mepps. Irin wanda ake magana a kai a nan ya bayyana ne a Amurka wajen farkon shekarun 1950.

Siffarsa kamar fil ɗin maƙale tufafi ne idan an buɗe shi: waya guda aka lanƙwasa ta yi hannu biyu, a kusurwar ake ɗaura zaren fatsa. A hannun ƙasa akwai kan dalma mai kama da kan ƙaramin kifi, nauyinsa galibi tsakanin giram 10 zuwa 14, da ƙugiya guda wadda bakinta ke kallon sama, an rufe ta da geza ta siraran zaren roba. A hannun sama kuwa an rataya falle ɗaya ko biyu na ƙarfe, a kan ɗan maɗauri mai juyawa. Mai fatsa yakan wurga koton da sanda mai ɗan injin naɗe zare, sa'an nan ya riƙa naɗowa. Yana naɗowa fallen na juyawa, yana walƙiya yana kaɗa ruwa, gezar kuma tana buɗewa tana rufewa kamar abu mai numfashi.

Abin mamaki shi ne koton bai yi kama da kowace halitta ta cikin ruwa ba. Duk wanda ya riƙe shi a tafin hannu zai ce babu kifin da zai ruɗu da wannan tarkace. Sirrin yana cikin yadda kifi ke sanin abin da ke kewaye da shi. Ban da ido, kifi yana da wani layi na ƙananan ramuka a kowane gefe, daga kai har wutsiya, wanda da shi yake jin motsin ruwa. Da wannan layi yake gane cewa wani abu yana iyo kusa da shi ko da cikin duhu ko ruwa mai laka. Fallen da ke juyawa yana aika masa irin bugun da ƙaramin kifi mai gudu yake aikawa, walƙiyar kuma tana kama da ta ɓawon kawara idan garke ya juya gaba ɗaya. Hausawa na cewa, kifi na ganinka mai jar koma. Gaskiya ne, sai dai kafin ya gan ka ya riga ya ji ka.

Fallen iri uku ne, kuma bambancinsu shi ne rabin ilmin wannan fatsa. Akwai mai faɗi, kusan zagayayye kamar cokalin shayi, wanda ake kira Kolorado: yana juyawa a hankali, bugunsa yana da ƙarfi, walƙiyarsa kaɗan, don haka shi ne na ruwa mai laka da na dare. Akwai siriri mai tsini biyu kamar ganyen mangwaro: bugunsa kaɗan, walƙiyarsa da yawa, yana ratsa ciyawa ba tare da ya naɗe ta ba, shi ne na ruwa garau. Na ukun, Indiyana, yana tsakaninsu. Launi ma akan kula da shi, ruwan azurfa a ruwa mai haske, ruwan zinariya ko tagulla a gurɓataccen ruwa.

Amma babbar hikimar ƙirar ba a falle take ba, tana ga hannun wayar nan na sama. Da yake yana gaba da ƙugiya kuma yana bisa kanta, shi ne ke fara cin karo da reshe ko kututture, sai koton ya goce ya wuce ba tare da ƙugiyar ta maƙale ba. Saboda haka akan jefa shi cikin tsakiyar sarƙaƙiya, inda babu mai iya jefa birgi ko shimfiɗa kalli. Gwanayen abin ma da gangan sukan sa ya bugi itace, domin a daidai lokacin da ya karkace kamar kifi mai rauni ne mafarauci ya fi kai masa cafka.

Zafinsu da bazararmu

A nan ne mai fassara zai iya yin tuntuɓe. Lokacin zafi a Amurka yana kamawa daga Yuni zuwa Agusta, watau tsakiyar daminarmu. Wanda ya bi kalanda zai ce damina ake nufi, wanda ya bi zafin rana zai ce bazara, daga Maris zuwa Mayu. Game da halin kifi, na biyun ya fi kusa da gaskiya, domin abin da ke juya kifi a wannan lokaci shi ne zafin ruwa.

Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar numfashi da yawa. A ma'aunin zafi 20, lita guda ta ruwan daɗi tana iya riƙe miligiram 9 na iskar oksijin. A ma'auni 30 kuwa ba ta wuce 7 da rabi ba. Bugu da ƙari, a tafki mai zurfi ruwan sama mai ɗumi yakan yi iyo bisa na ƙasa mai sanyi ba tare da sun gauraya ba, har iskar da ke can ƙasa ta ragu ƙwarai saboda ruɓar ganye da itace. Ga shi kuma zafi yana ƙara wa kifi buƙatar abinci da ta iska. Sai ya shiga tsaka mai wuya: sama zafi da hasken rana, ƙasa ƙarancin iska. Abin da yakan yi shi ne ya nemi inuwa da matsakaicin zurfi da rana, ya fito gefe farauta da asuba da kuma bayan la'asar sakaliya zuwa dare.

Dokokin fatsar zafi duk daga nan suka fito. Da sassafe akan ja koton da sauri dab da saman ruwa, har fallen ya riƙa tayar da ɗan kumfa a gefen ciyawa. Idan rana ta take, sai a sa mai nauyi, a bari ya nutse, a riƙa jan sa a hankali yana shafar ƙasa ko kan itatuwan da ruwa ya ci. Da dare akan ɗaura baƙar geza da babban falle guda mai faɗi, domin a lokacin bugu kifi ke bi. Ranar iska ta fi ranar da ruwa ya kwanta lumui, gefen da iska ke bugawa kuma ya fi gefen da ke a kare, saboda igiyar ruwa tana ƙara iska, tana tara ƙananan kifaye, tana kuma karya haske yadda mafarauci ba zai ga wayar sosai ba. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da zai zama baƙo ga tsohon masunci na Calawa ko na Tiga. Ya san sa'ar da kifi ke tasowa, ya san amfanin inuwa, ya san abin da hadarin farko ke yi wa ruwa, ko da bai taɓa jin sunan oksijin ba.

Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata a lura da shi. A ƙarshen bazara tafkin yana kan mafi ƙarancin ruwansa, domin rana ta sha, an kuma saki wani zuwa ƙasa, inda Kogin Calawa ke haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja. A lokacin ne kututturan da ke ɓoye suke fitowa fili, kifi kuma ya taru a tsohuwar hanyar kogi. Da ruwan sama ya sauka, sai rafuka su kwaso jar ƙasa daga gonaki, tafkin ya gurɓace, ido ya daina amfani. Ke nan mai wannan koto a Karaye zai bi dokar zafi a watan Afrilu, ya bi dokar ruwa mai laka a watan Agusta.

Wane kifi zai ci?

Kifayen da aka fi fitarwa daga Calawa su ne karfasa da kawara da ragon ruwa da tarwaɗa da ƙurungu. Karfasa yawancin cimarta tsiro ne da ƙananan halittu, ba ta cika kula da babban koto irin wannan ba. Ƙurungu mai kiwo ne a ƙasa. Ragon ruwa da babbar tarwaɗa kuwa suna farautar ƙananan kifaye, musamman da dare, kuma sun dogara ga gashin baki da jin motsi fiye da ido. A Afirka ta Kudu ana kama irin tarwaɗarmu ɗin nan da koton ƙarya, har akan bugi saman ruwa da kan sanda don a kira ta.

Amma wanda ya fi cancanta a kira shi takwaran bas a ƙasar Hausa shi ne giwan ruwa, wanda aka san shi a Tiga, madatsar da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da Kainji da Tafkin Cadi. Shi ma mai kwanton ɓauna ne, yana son duwatsu da itatuwan cikin ruwa, yana zuƙe abincinsa da faffaɗan baki, idanunsa kuma an yi su don gani cikin duhu-duhu. A Tafkin Nasir na Masar da koton ƙarya aka fi neman sa, a can ne ma aka kama mai kilo 104 da sanda a shekarar 2000. Sai dai wayar da aka ƙera don kifi mai kilo biyu ko uku ba za ta jure masa ba, zai miƙar da ita kamar tsinke. Sai kuma tsage, mai haƙora kamar zarto, wanda babu abin da ke tunzura shi kamar ƙarfe mai walƙiya; a Tafkin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, da irin wannan ƙarfe aka saba kama shi. Shi kuma yakan tsinke zare ya yayyage geza, dole sai an sa guntun waya tsakanin zare da koto.

Sana'a da wasa

Kayan su na Hausa kusan dukkansu an yi su ne don yawa. Taru da kalli da birgi da homa raga ce mai kwasar jimla. Gura da sankiya da undurutu tarkuna ne da ke aiki mai su yana barci. Mamari igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Fatsa mai ƙugiya ɗaya da koton tana ita ce ƙanƙanuwa a cikinsu, shi ya sa a wurare da yawa ake kallon ta aikin yara ko na mai neman na miya. Koton ƙarya kuwa kifi ɗaya yake kamawa a jifa, bayan jifa da yawa da ba su kama kome ba, kuma hannun mai shi ba ya hutawa. Magidancin da ke ciyar da iyali da su ba zai ajiye kallinsa ya ɗauki wannan ba, kuma babu mai hankalin da zai ba shi wannan shawara. Batun a kama kifi a auna a sake shi kuwa, a wurin masuncin Karaye wauta ce tsagwaronta, alhali a wurin ɗan gasar Alabama shi ne ladabin wasan.

Duk da haka akwai gurbin da koton zai iya cikewa. Itatuwan da tafki ya shanye su ne maƙiyan raga, kullum suna yaga ta, kuma a cikinsu ne manyan kifaye suke fakewa. Wannan wuri da raga ba ta shiga shi ne ainihin gidan koton ƙarfe. Har ila yau yana zaɓe: ba ya kama 'ya'yan kifi, saɓanin raga mai ƙananan idanu wadda ke kwashe na bana da na baɗi gaba ɗaya, abin da hukumomin kula da su suka daɗe suna kuka da shi. Ba ya buƙatar tana, wadda ke wuyar samu idan ƙasa ta bushe da bazara. Ƙirarsa ma ba ta fi ƙarfin maƙerin farfaru na kasuwar Karaye ko ta Rogo ba: waya mai tauri, 'yar dalma, bakin tsohon cokali, da zaren buhu.

Abin da bai kamata a ara ba shi ne kifin kansa. An kai bas Afirka ta Kudu da Tafkin Naibasha na Kenya a ƙarshen shekarun 1920 don jin daɗin masu fatsa, a Afirka ta Kudu kuwa ya rage ƙananan kifayen asali a koguna da dama. A Tafkin Atitilan na Gwatemala, inda aka zuba shi wajen 1960, yana cikin dalilan da suka kai wani tsuntsun ruwa na wurin ga ƙarewa ƙurmus kafin 1990. Japan ta sa shi cikin dokar baƙin halittu masu ɓarna a 2005. Abin lura, shi da giwan ruwanmu duka suna cikin jerin halittu 100 mafiya ɓarna idan an kai su baƙon wuri, domin abin da giwan ruwa ya yi wa ɗaruruwan ire-iren ƙananan kifayen Tafkin Biktoriya bayan an zuba shi a shekarun 1950. A Tiga ɗan gida ne, a can kuwa annoba ya zama.

Batun suna

Saura a san abin da za a kira shi. Kalmar koto a Hausa tana da alaƙa da ci: kaza na koto, tsuntsu na koto, abin da aka soka a ƙugiya kuma koto ne domin kifi zai ci shi. Wannan kuwa babu abin ci a jikinsa. Shi ya sa aka yi amfani da koton ƙarya a nan, kamar yadda ake cewa haƙorin ƙarya ko gashin ƙarya, watau abin da ya tsaya a madadin na gaske. Matasa za su fi saurin cewa koton bogi, amma bogi yana ɗauke da ma'anar abu marar inganci, wadda ba ita ake nufi ba. Sunan aro, sifinabet, yana da nauyi a harshe, kuma bai gaya wa mai ji kome ba.

Al'adar farauta tana da abin da ya yi kusa da shi. Maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshi, yana rarrafe yana kwaikwayon kiwon tsuntsun, yana yaudarar dabba ne da siffa da motsi, ba da abinci ba. Sai dai burtu kwantar da hankalin abin farauta yake yi har a matso kusa da shi, koton ƙarfe kuwa tayar masa da hankali yake yi har ya kawo kansa. Wanda ya ce burtun kifi ya kama rabin ma'anar. Idan aka duba yadda masunta suka saba raɗa wa kayansu suna, da wuya su bi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sukan ɗauki sunan wurin da abu ya fito, kamar yadda ake danganta wata irin gura da Mali, ko kuma su ɗauki abin da ido ya fara gani. A wannan koto abin da ido ke fara gani shi ne fallen da ke juyawa, kuma Hausa ta riga ta ari kalmar farfela ta ba duk abin da ke juyawa haka.